Baƙuwa a Bahon Hanne

Na same ta kwance a cikin bahon wanki, ruwan rijiya ya rufe mata rabin baya. An tsoma mata ganyen rama da ɓawon kankana, ga gutsuren tuwon jiya yana narkewa a gaban bakinta. Mata sun yi mata zobe, kowacce ta riƙe haɓa. Maƙerin unguwa yana tsugune a gefe, yana gasa tsinken ƙarfe a garwashi.

"Wannan fa na mene ne?" na ce da shi.

"Gefen ƙoƙon za a huda, Alhaji, a zura igiya. Kada ya gudu."

Ya gudu! Na dubi hannayen nan nata biyu masu faɗi kamar filafilin kwalekwale, na dubi ƙasar Toranke, inda babban ruwan da aka sani shi ne kududdufin da ake kwaɓa ƙasar gini. Na sa sandata na ture tsinken daga wuta.

Gidan ƙanena ne, marigayi Badaru, kuma matarsa Hanne ce ke riƙe da shi. Tun tana amarya ba ta rabo da kunkuru a tsakar gida, don an gaya mata gidan da ke da kunkuru sammu ba ya kwana a cikinsa. Da nata ya ɓace a damina sai ta tayar da hankalin kowa. Ɗanta na fari, Inuwa, shi ke jan tirelar shanu daga karar Wudil zuwa Legas. A can bakin teku ya ga wannan a hannun masunta, ya ce ai ga wanda ya fi na Inna girma, ya naɗo ta a buhu ya kawo. Hankalinsa ke nan, iyakarsa sitiyari.

"Yaya, ka bar mutum ya yi aikinsa mana," in ji Hanne. "Kunkuru ne fa."

"Taɓa mata hanci, ki gani ko za ta mai da kai ciki."

Hanne ta miƙa muciya ta taɓa. Kan bai shiga ko'ina ba, sai bakin da ya buɗe ya daki icen, mata suka watse da salati.

"Kin gani? Naku na tudu matsoraci ne, gidansa maɓoya ne. Wannan ba ta da wurin ɓuya, don inda ta fito gudu ake yi, ba ɓuya ba. Mace ce kuma, dubi wutsiyar. Ba kunkurunku ba ce, 'yar teku ce."

"To Mai-Bahar, mun ji," wata ta faɗa daga baya, aka yi dariya.

Su yi ta dariya. Ni Datti da ƙafata na bar ƙasar Gaya ina saurayi, da niyyar Makka, na ratsa Barno da Cadi da Sudan har na tsaya a Suwakin, bakin Bahar Maliya. Kafin in haye na shekara da shekaru ina jan koma da masunta. Na ga kifin da haƙoransa jeri ne bayan jeri, in ɗaya ya faɗi wani ya maye. Na ga dabbobin nan da Larabawan can ke kira Abu Salama, masu siffar kifi amma ta tsakar ka suke huci, suna shayar da 'ya'yansu nono a cikin ruwa. Na ga tsuntsun da ke yini a sama bai sauka ba, sai dai ya naɗe fukafukai ya faɗo kamar mashi. Masu yi mini dariya kuwa, kifin da suka sani shi ne tarwaɗar kududdufi da na gwangwani.

Washegari kuma sai aka ga tana hawaye. Wani ruwa mai kauri yana tsattsafowa daga gefen idanunta, yana ja kamar yauƙi. Kafin azahar labari ya kai Balan, kafin la'asar ya kai Gaya: kunkurun Hanne yana kuka, kuma hawayen maganin yanar ido ne. Wa ya faɗa? Ba wanda ya sani. Sai ga tsofaffi a bayan babur, kowa da ɗan ƙullin auduga, ana dangwala ana shafawa. Hanne ta sa aka share zaure, ta ɗaura zanen unguwa.

"Gishiri ne," na ce da ita. "Ruwan gishiri take sha a can, shi ne jikinta ke fitar da abin da ya yi yawa ta ido. Ba kuka ba ne, ba magani ba ne. Lasa ki ji."

Ta dangwala da yatsa ta kai baka. Sannan ta dube ni.

"To Yaya, naka hawayen sukari ne?"

Aka sake kwashewa da dariya. Ka ji irin mutanen da na dawo cikinsu.

Na bar su da dariyarsu. Na shiga madafi na ɗauko ƙwaryar gishirinta, na zubar da ruwan bahon, na sa aka ɗebo sabo. Ina zubawa ina lasawa, ina zubawa ina lasawa, har harshena ya ce ya yi. Harshen nan bai manta ba, ya sha Bahar Maliya ya ƙoshi. Hanne tana ta sababi wai na ƙarar mata da gishirin miya. Dabbar ta ɗan motsa hannu, ta ɗago kai ta ja numfashi, fuuu, kamar tsoho ya sauke kaya.

Na san hucin nan. Ranar da iska ta kife jirginmu, mutum ɗaya ne ya ga gaɓa, ga shi yana ba ku labari. Ina rungume da guntun katako, rana na gasa mini ƙeya, ba sama ba ƙasa sai ruwa, sai na ji fuuu a gefena. Na zaci mutuwa ce. Ashe irin wannan ce, babba kamar ƙofar ɗaki. Ta dube ni da ido ɗaya, ta nutse, ta sake fitowa. Duk lokacin da hannuna ya so saki sai in ji hucin nan. Ba ta bar ni ba sai da na hango tsuntsaye sun jeru sun nufi gefe guda, na san ƙasa na can, don komai nisan kiwonsu a tudu suke kwana. Tun daga ranar ban bari an yanka irinta a gabana ba.

Amma baho ba teku ba ne. Ba ta cin rama, ba ta cin dussa. Idanun suka fara faɗawa, fatar wuyan ta yi laushi, masu auduga kuwa ba su fasa ba. Ranar Juma'a Inuwa zai yi lodi a Wudil. Na san in motar nan ta tafi ba da ita ba, ƙoƙonta ne zai zama kwanon ruwan kaji.

Na sami Hanne tana tsinkar zogale, na zauna a kan turmi.

"Ba zan bayar ba, Yaya. Tunda ya shigo gidan nan ko ciwon kai ban yi ba."

"Ban ce ki bayar ba. Kin san yadda ake haihuwarsu?"

Hannunta ya rage sauri.

"Uwar takan fito kan yashi da jan ciki, ta haƙa rami da ƙafar baya, ta zuba ƙwai ta rufe, ta koma. 'Ya'yan in sun fashe, kowanne bai kai tafin jariri ba, sai su yi ta gudu zuwa ruwa, tsuntsaye na tsince su kamar tsaba. Wadda Allah ya raya sai ta shiga duniya, shekaru ba a san inda take ba. Amma ran da ƙwai ya nauyaya a cikinta, ko ina take, sai ta juyo ta nemi yashin nan da aka fashe ta. Ba wani ba, shi."

"Wa ke nuna mata hanya?"

"Babu."

Hanne ta ajiye faifan. "Ashe gida take zuwa haihuwa."

"In kin ce haka."

"Goyon ciki ke nan." Ta dubi bahon ta daɗe. "Subhanallahi. Ni kuwa da za a ɗaura mata igiya a gidana. Wace uwa ce ke hana 'yar mutane zuwa gida haihuwa?"

Ka ji fa! Duk abin da na gani a Bahar Maliya bai shiga kanta ba, sai da zancen ya biyo ta ɗakin jego.

Ranar Juma'a da hantsi muka naɗe ta a jiƙaƙƙen buhu. Hanne ta kawo ƙullin kuka da daddawa, wai baƙuwa ba ta tafiya hannu sake, na ce Inuwa ya ci a hanya. Na kama kunnen rigarsa.

"Ka jiƙa ta duk inda ka tsaya. Ka kai ta inda ka same ta. Kafin ka sake ta ka lasa ruwan, in bai yi gishiri ba, ba gidanta ba ne."

"An gama, Baffa."

Da ya dawo ya same mu a tsakar gida, ya durƙusa yana murmushi kamar wanda ya ci kokawa.

"Ka kai ta?"

"Ai Baffa, ban ma wahalar da ita har Legas ba. Muna wuce Makwa ta daina motsi, zafi ya yi yawa, na ce kada ta mutu a hannuna. Da muka zo gadar Jabba na tsaya na gangara da ita. Ka ga ruwa kuwa? Wallahi da ƙyar kake hango wancan gefen."

"Ka lasa?"

"Haba Baffa, ruwa ai ruwa ne."

Na dube shi. Jikan mahaifina ne, da gemu, da 'ya'ya. Maganganu suka cika mini baki, kowacce ta isa ta kwantar da shi. Na haɗiye.

"Da ka sake ta, me ta yi?"

"Ta ɗan yi jim a sama. Sai ta ɗago kai ta yi wani irin huci, ta buɗe hannayen nan kamar tsuntsu, ta bi gangare."

"Gangaren ina ya nufa?"

"Kudu."

Kwara ce, babban kogin nan. Na ji a bakin matuƙa mota cewa komai yawonta, a teku take zubewa. Abin da ke tsakani kuwa, na komar masunta da ƙugiya da ruwa marar gishiri, ban lissafa wa kowa ba.

Hanne ta janyo bahon ta zuba kayan wanki. Har yanzu akwai farin zoben gishiri a bakinsa.

"Yaya, ta isa gida ke nan?"

Ni da na taka daga Gaya zuwa Suwakin da ƙafa, na san abin da ake kira nisa.

"Tana hanya," na ce.