Motar Suruki a Bakin Get

Shekara guda Ja'afar ya yi yana bin Alhaji Baƙo, mai kamfanin casar shinkafa a gefen Gwarzo, kafin ya yarda a mayar da harkar kamfanin cikin kwamfuta. Alhaji kuwa mutum ne da ko wayarsa sai an danna masa an miƙa. Ranar da naci ya ishe shi ya ce, "To manaja, na ba ka kakar bana. In abin naka bai tsaya da ƙafarsa ba, mu koma yadda muka saba."

Ja'afar ya tsara abin daki-daki: a fara da layin bakin get, sai sikeli, sannan injina. Ya sa layi a gaba ne domin nan ciwon yake. A da, wanda ya san maigadi ko ya haɗa kaka da Alhaji shi ke shiga, marar kowa ya kwana a kan buhunansa, har manoman Kabo da Gammo suka fara kai shinkafarsu wani wuri. Yanzu mutum zai tura saƙo ta waya, a ba shi lamba, allon bakin get ya kira shi. Ja'afar ya bi kasuwanni har muryarsa ta dishe, yana rantsuwa cewa na'ura ba ta da ɗan'uwa.

Abin ya fara kamawa, ana gunaguni ana bi. Sai ran nan da hantsi wata tsohuwar a-kori-kura ta wuce dukkan motocin da ke layi, ta dasa hanci a get. Wa zai fito in ba Malam Mijinyawa na Kutama ba, mahaifin Ikilima, matar Ja'afar.

Ja'afar ya tuɓe takalmi ya durƙusa. Aka yi ta gaisuwa, ya gida, ya gajiya, ya mutanen Kutama. Sannan tsoho ya ce, "Ɗan abin da Allah ya hore ne na kawo. Sun ce sai da lamba, na ce ni da nake da ɗa a gidan?"

Ja'afar ɗin nan da ke musu da injiniyoyin Kano da Turanci ya kasa ɗaga ido. "Baba, da an shiga ofis an ɗan huta, kafin..."

"A'a, sauri nake, akwai ɗaurin aure bayan azahar."

Wani manomi daga Gude, Hadi, wanda ke jira tun safe, ya matso da wayarsa a hannu. "Manaja, lambata ce a allo. Ko na'urar ta yi suruki ne?" Direbobi suka kwashe da dariya.

Ja'afar ya waiga ga Alhaji, wanda ke zaune a inuwar darbejiya yana kallo, ko zai cece shi da kalma guda. Alhaji ya ce, "Ni ba ruwana, kai ne mai tsari." Takaici ya kama Ja'afar. Idan ya ce wa tsohon nan ya koma baya, kafin magariba Kutama ta ɗauka cewa ya wulaƙanta uban matarsa a bainar jama'a. Idan ya buɗe masa, aikin shekara ya bi ruwa. Kuma duk manhajar da ya saya babu wadda ta zo da maganin wannan.

Ya ja Hadi gefe, ya yi ƙasa da murya ya roƙe shi. Hadi ya ce, "Na bar masa, don girman furfura. Amma ni ma ina da suruki, manaja. Wa zan ce ya nema in ya zo?"

Aka buɗe get. Kafin a-kori-kurar ta gama shiga, direbobi sun tayar da motoci, kowa na kutsa kai, wannan na kiran maigadi da sunansa, wancan na tuna wa Alhaji zumuncin kakanni. Ja'afar ya yi ta ɗaga hannu yana ihu a tsaya, babu wanda ya saurare shi.

Malam Mijinyawa ya leƙo ta tagar mota, fuska cike da jin daɗi. "Allah ya yi maka albarka, ɗana. Ai na faɗa wa mutanen garinmu kada su wahalar da kansu da wata waya. Gobe suna tafe."