Irin Geron Baba Lawan

"Sauko da shi, Indo," in ji Baba Lawan. "Ki sussuke, a dama mini kunu."

Indo ta tsaya da kofin ruwa a hannu, ta bi yatsansa da kallo. Zangarniyar geron nan yake nunawa, ɗan ɗauri guda da ke rataye a ƙusa saman tabarmarsa, naɗe da tsohon gidan sauro saboda ɓera.

"Haba Baba! Iri ne fa."

"Na sani. Ai ni na zaɓe shi."

To, ku haifaffun birni ba lalle ku gane abin da ya sa jikin Indo ya yi sanyi ba. Ita 'yar ƙauye ce kafin aure ya kawo ta gidan hayan nan na Gyaɗi-Gyaɗi, ɗakinta na kallon na tsohon. Ta san manomi yakan kwana da yunwa, iri na rataye a kansa bai taɓa ba.

Damina biyu ke nan da Haruna ɗan Baba Lawan, mai Adaidaita Sahu, ya ɗauko shi daga ƙauye. Wani kamfani ne ya zo neman fili zai shimfiɗa allunan sola. Gona kuwa ta gado ce, 'yan'uwa suka taru suka yarda, mai gari ya sa baki. "Haya ce Baba, ba sayarwa ba. Bayan shekara talatin za ta dawo." Dattijon da ya haura saba'in aka kalla aka faɗa wa haka.

Ya taho da sungumin shukarsa da irin nan, wanda ya ce tun kakansa ake juya shi. Kullum maganarsa ɗaya, Haruna ya aro masa ko kunya goma ce a bayan gari kafin irin ya mutu. Haruna sai ya ce baɗi. Da naci ya ishe shi, makon jiya ya kai shi ƙauye ganin tsohuwar gonar. Tun da suka dawo tsoho ya kwanta, ya ƙi tuwo.

"Wai me ka gano ne a can, Baba?"

"Gilashi, Indo. Layi-layi, ya fi kunyar gonata miƙewa ma. Tsamiyar da nake shan fura a gindinta an tumbuke. An zuba tsakuwa, an fesa magani, ko ciyawar akuya babu. Wani mai kaki ya ce in matsa daga jikin waya." Ya ɗaga ido ga fankar da ta kwana biyu ba ta motsa ba. "Rana suke nomawa yanzu. Ga shi ko fankar nan ba a sam mata wutar ba."

"Bari in auno maka gero a kasuwar Tarauni, a bar wannan. Damina ta kusa."

"A shuka a ina? A siminti? Nawa nake so, Indo. Gara cikina da cikin ɓera."

Ta sauko da shi. Tana sussuka a turmi Sa'adatu matar Haruna ta leƙo da goyo.

"Iya Indo, ashe ya yarda a rage tarkacen?"

Indo ta dai ƙara wa taɓarya ƙarfi.

Da ta dama kunun, ludayi uku ya sha. Ya riƙe na ukun a baki ya daɗe kafin ya haɗiye.

"Ɗanɗana ki ji. Daga yau babu irinsa."

Ta ɗanɗana. Da zaƙi kam, wallahi.

Ranar Talata da hantsi Allah ya karɓi abinsa. Ana fita da shi bayan azahar hadari ya taso daga gabas, kafin maza su dawo daga maƙabarta an kece da ruwa. Indo na jin wani cikin 'yan rakiya yana karkaɗe hula a zaure yana cewa, "Kai, wannan ai ruwan shuka ne."

Ta fito da gudu kwashe kayan da aka manta a tsakar gida. Nan ta ga sungumin Baba Lawan. Tun jiya, ashe, an tokare igiyar shanya da shi. Ruwa na bin ƙotarsa yana sauka a kan siminti, yana gangarawa kwata.