Dutsen Danne Yadi

Shekara ashirin mai ɗinki tana danne yadi da baƙin dutsen nan da ta gada wurin mahaifinta. Bai fi dunƙulen hannu ba, amma sai da hannu biyu take ɗaga shi. Tsohon ya sha cewa a gonarsa ya faɗo daga sama, da wuta da ƙara. 'Ya'yansa dariya kawai suke yi, har da ita.

Wata safiya allurai suka zube mata a tebur. Ta ɗauko maganaɗisu za ta tsince su, sai ji ta yi ƙas, ya manne da dutsen. Ta ɓamɓare, ya sake mannewa. Daga nan zama ya gagare ta. Ta hau keken ɗinki ta sauka, ta ɗinka hannun riga a baibai, ta warware. Ƙarshe ta naɗe dutsen a ƙyalle ta nufi shagon mai walda.

Mai walda ya goga masa zarto har ya yi gumi. Wurin ya fito fari yana ƙyalli.

"Hajiya, wa ya ce miki dutse ne? Ƙarfe ne zalla. Ki bar mini in fitar miki da almakashin da jikokinki za su gada."

"Almakashi uku gare ni. Miƙo mini abina."

'Yarta, malamar kimiyya, ta kai shi ɗakin gwaji na jami'a. Kwana tara mai ɗinki tana duba waya, tana leƙa titi, masu kaya suna zuwa suna komawa hannu wofi.

Ran na goma 'yar ta shigo da ɗan yankin dutsen da aka goge aka ɗiga wa ruwan asid. Layuka ne a jiki, sun sarƙe kamar saƙa.

"Mama, ƙarfe ne gauraye da wani farin ƙarfe da ake kira nikel. Daga cikin wani ƙaton dutse da ya tarwatse a sararin sama ya fito. Wannan zanen sai ƙarfe ya yi miliyoyin shekaru yana hucewa, babu maƙerin da zai iya. Mutanen jami'a suna roƙo ki ba su su ajiye."

"Su riƙe yankin, su rubuta sunan kakanki. Sauran a dawo mini da shi."

Ta ja ƙofar shago ta kulle tun azahar ba ta yi ba, ta tare mota zuwa gidan yayanta, shi ma ya ji cewa gaskiya tsohon ya faɗa.