Tabulet ɗin Yaya

Da bakin sukundireba Auta ta ɗaga murfin bayan tabulet ɗin, sai ga kyankyaso ya fito a guje ya bi ta kan yatsanta. Ta yarfe hannu. Ƙwayayensa na jere a gefen batir, wani baƙin maiƙo ya daskare a ramin caji, ga warin tsohon gumi da taba.

"Daga bola kika tsinto wannan?" in ji abokin aikinta daga teburin gefe, yana toshe hanci.

"Daga ɗakin yayana," ta ce. "Bambancin ba yawa."

Mahaifinsu na kwance a asibiti, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Likita ya ce hankalinsa na nan garau, harshe ne kawai ya ƙi. Hannun hagu na motsi amma yana rawa, ba zai iya da ƙaramin gilashin waya ba. Auta, wadda gyaran kwamfuta ne sana'arta a wani shago a saman benen kasuwa, ta nemi wanda zai ara mata babban allo. Yayanta, mai sabuwa fil a mota, ya miƙo mata wannan yana hura hanci kamar ya yi kyautar gida.

Kamfanin da ya ƙera ta ya daɗe da mantawa da ita. Ko da ta kunna, tallace-tallace suka yi ta faɗowa, na caca da na mata rabin tsirara, wani kan wani. Ba ta buɗe ma'ajiyar hotuna ba, don kada ta ga abin da zai hana ta cin abinci. Ta goge komai tas, ta jona filashi da kibod, ta ɗora mata Linux, tsarin nan da ba mallakin kowa ba, wanda duk mai so zai ɗauka kyauta ya gyara yadda ya ga dama. Da farko sauti ya ƙi fita, har sai da ta samo maganin a wani dandali na intanet, inda wani bawan Allah da ba ta taɓa gani ba ya zauna ya rubuta bayani dalla-dalla don amfanin irinta.

Kafin azahar tsohuwar na'ura ta farfaɗo. Auta ta zana manyan akwatuna biyu, kore na "Eh" a hagu, ja na "A'a" a dama, da ƙanana a ƙasa na ruwa da ciwo da banɗaki. Ta naɗi muryarta ta saka wa kowanne, don Baba ya riƙa jin muryar gida. Abu ɗaya ya rage: gilashin na karantar yatsa a juye kamar madubi. In ka taɓa dama, hagu zai amsa. Tana cikin neman layin umarnin da za ta gyara sai wayarta ta yi ƙara.

"Ke Auta, ki zo ki karɓe ni," in ji Yaya. "Ina da harkoki, ba zaman jinya na zo yi duniya ba."

Ta tura tabulet da kibod cikin jaka, ta sauka ta tari bas.

Warin fitsari ne ya tare ta tun daga bakin ƙofar ɗakin. Zanin gadon Baba a jiƙe, abincin safe ya bushe masa a gemu, ƙudaje na sauka suna tashi. Yaya na kan kujera ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, yana ɓare gyaɗa yana watsa ɓawon a ƙarƙashin gado.

"Yaya, ko nas ba ka iya kira ba?"

"Na kira, ta ce tana zuwa. Ina abin da kika ƙera?"

Ta nuna masa. "Kada a ba Baba tukuna, a juye take. Duba." Ta danna jan akwati, muryarta ta fito tar: "Eh."

Yaya ya kece da dariya har da dukan cinya. "Ai kin ƙera ɗan takara! Zuciya a'a, baki eh."

Ta sauya zanin gado, ta goge wa Baba gemu da tsumma mai ɗumi, idanunsa na bin ta. Nas ta leƙo ta ce a je a karɓo magani kafin a rufe taga. Auta ta ajiye tabulet ɗin kan durowa ta fita.

Layin karɓar magani ya yi tsawo. Tana dawowa a baranda wayarta ta girgiza, Yaya ya tura bidiyo a zauren danginsu na waya. Ta tsaya ta buɗe. Daga bayan tabulet ɗin ya ɗauka, ba a ganin gilashin, sai fuskar Baba. Muryar Yaya ta yi laushi kamar ba tasa ba: "Baba, ka yarda in sayar da gidanka, mu kula da lafiyarka?" Hannun Baba ya ɗago yana karkarwa, ya miƙa can gefen da Auta ta san jan akwati yake. Sai ta ji muryarta, ita da kanta, ta ce: "Eh." Idanun Baba suka fito waje, bidiyon ya yanke.

A ƙasan bidiyon dangi sun fara sa albarka.

Ta shiga ɗakin ba ta ko kalli Yaya ba. Ta jona kibod, ta buɗe baƙin allon umarni, ta sauya lambobin da suka juya gilashin, ta kashe ta kunna. Ta taɓa ja, ya ce a'a. Ta taɓa kore, ya ce eh.

"Da bakina na gaya maka a juye take," ta ce a hankali.

"Ni? Yaushe? Ke dai ba ki iya aikinki ba, za ki shafa mini kashin kaji."

Ana haka Gwaggo, yayar Baba, ta shigo tana dogara sanda, ta ga bidiyo ta kasa zama a gida. Auta ta zayyana mata komai. Yaya ya miƙe yana kumfar baki, wai ƙanwar bayansa ce za ta kira shi maƙaryaci, har masu jinyar gadon gefe suka juyo. Tabarmar kunya dai da hauka ake naɗe ta.

"Rufe mana baki," in ji Gwaggo. "Ga mai gida a kwance, sai a tambaye shi. Ke, abin ya gyaru?"

"Ya gyaru, Gwaggo."

Tsohuwa ta matso da kujera. "Ɗan'uwa, ka gane ni?" Eh. "Kana jin yunwa?" A'a. Ta gyaɗa kai. "To, tsakaninka da Allah, ka yarda yaron nan ya sayar da gidanka?"

Baba ya kalli Yaya. Gumi na bin wuyan Yaya, ƙaton mutum mai furfura a gemu ya koma kamar yaron da aka kama da hannu cikin tukunya. Baba ya daɗe yana kallonsa. Hawaye ya gangaro ta gefen da ya shanye. Hannun ya ɗago, ya yi shawagi a kan ja, sannan ya ja da baya ya sauka a kan kore.

"Eh," in ji muryar Auta.

"Baba!" ta ce. "Na gyara fa! Kore eh ne, eh na gaske!"

Ya runtse ido, ya sake danna koren.

"Kin ji dai," in ji Yaya, yana goge wuya da hula. "Gwaggo, ke ce shaida." Nan take murya ta dawo masa. Har ya dafa kafaɗar Auta ya ce aikinta ya yi kyau, sai da ta zame jikinta kamar an ɗora mata kwaɗo.

Gwaggo ta dubi ƙaninta ta dubi ɗan, ta yi tsaki. "Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, ko? To, Allah ya kyauta." Ta ɗauki sandarta. Yaya ya bi ta yana cewa bari ya rage mata hanya, tun a baranda aka ji shi yana waya da dillali.

Auta ta durƙusa tana kwashe ɓawon gyaɗa daga ƙarƙashin gado, don ba ta son haɗa ido da kowa, har da wanda ke kwance. Tana nan sai ta ji muryarta daga sama.

"A'a."

Ta ɗago. Yatsan Baba na kan ja.

"A'a. A'a. A'a."

Ta zaro wayarta da sauri, ta kunna kyamara ta saita shi. Baba ya ga wayar. Ya buɗe tafin hannunsa mai rawa, ya rufe gilashin tabulet ɗin ruf, ya kau da kai wajen bango.

Ta kashe wayar, ta mayar cikin jaka, ta tafi neman tsintsiya.