Bencin Bakin Tafki

Madubin hangen nesa biyu, ɗaya a ɗaure da zare. Fulas. Biro uku. Littafin Baba. Maganin gwiwar Baffa, da Baffan kansa a kujerar baya, yana koya mini tuƙin da na shekara goma ina yi.

Shekara talatin da ɗaya ke nan Baba da ƙanensa Baffa suna ƙirga tsuntsayen tafkin bayan gari, Asabar ɗin farko ta kowane wata, daga kan benci guda. Dokarsu ce: tsuntsun da ba a gani daga kan bencin ba, ba ya shiga littafi. Shafukan farko cike suke da dinya da kirinjijiya. Na bana kusan fari fat. Jiya Baba ya ce in yau ba su kai goma ba, ya rufe littafin ke nan.

Awa biyu muna zaune. Zalɓe ɗaya, kirinjijiya biyu.

"Huɗu, Yaya," in ji Baffa.

"Waccan leda ce."

"To ai tana tashi."

Baba ya rufe biro, muka shiga mota. A hanyar komawa muka tarar ana gyaran titi, aka karkatar da mu ta bayan ma'aikatar ruwa, inda aka haƙa sabbin kududdufai. Kukan tsuntsaye muka fara ji. Na taka birki. Ruwan ma ba a ganinsa don tsuntsu.

Baba ya fita ya jingina da wayar shingen wurin, leɓensa na motsi.

"Ɗari biyu da sittin," ya ce. "Ashe ƙaura 'yan banzan suka yi, ko sallama babu."

"Rubuta mana, Baba."

"Ina benci?"

"Yaya, bencin nan saiwa gare shi?" in ji Baffa. "Mu ciccibo shi mu kawo nan."

Na ce in suka ɗaga shi daga wurinsa, ba sauran abin da za su gwada bana da shekarun baya.

"Ka ji masu karatu," in ji Baffa.

"Gaskiyarta," in ji Baba.

Ya ƙara leƙawa, ya gyara lambar a bakinsa zuwa sittin da uku, ya taka ƙasar gefen wayar da dunduniya ya ji ƙarfinta. Sannan ya shigo ya ja ƙofa garam.

"Wancan ya zauna inda yake. Auta, biya da mu wurin kafinta. Benci na biyu za a yi, da littafinsa."