Rigar Cikin Baba Sallau

Fanta ta sauke rigar daga igiya da la'asar, ta ɗaga ta sama ta duba. Da safe, lokacin da ta tsoma ta cikin tafasasshen ruwa da kanwa, riga ce ta babban mutum. Yanzu ta tsuke, ta cure ta yi kauri, ba za ta shiga kowa ba sai ƙaramin yaro. Ta sake jiƙa ta, ta taka gefe ɗaya da ƙafa ta ja ɗayan har hannuwanta suka yi ciwo. Ko yatsa ba ta ƙaru ba.

Rigar ta maƙwabcinsu ce, Baba Sallau, tsohon soja da ya koma sana'ar su a tabkin da ke gabas da garinsu Dogo. Danga ɗaya ce ta raba gidajensu. Tun da matarsa ta rasu Fanta ke yi masa wanki, shi kuma ba ya dawowa daga ruwa bai miƙo mata tarwaɗa ta kan dangar ba. Amma wannan rigar bai taɓa ba ta ba. Saƙar gashin tunkiya ce mai launin ƙasa, da ita ya dawo daga yaƙin Faransa, yana ce mata tiriko. Ranar ya shanya ta a kan danga ya tafi kasuwa, Fanta ta ji ƙarnin kifi na tashi daga gare ta, ta ce a ranta abin kunya ne tana nan dattijo ya riƙa yawo da wannan. Ta dafa ta, ta cuɗa, ta buga, kamar yadda take yi wa kowace tufa.

Duk Dogo an san labarin rigar, domin Baba Sallau ba ya gajiya da ba da shi a ƙofar masallaci. Yakan ce a can ƙasar ruwan tabki na daskarewa har mutum ya taka shi ya wuce, tsofaffinsu kuma su huda rami a ƙanƙarar su zauna da fatsa tun safe har yamma. Wani tsohon manomi da suka sauka a rumbunsa shi ya koya masa jera tufa. Gashin tunkiya a kan fata, domin ko ya jiƙe yana riƙe ɗumi. Sannan riga sakakka wadda iska za ta kwanta a cikinta. Sannan kabido, babbar rigar soja, daga sama ya tare sanyi. In tafiya ta sa ka zufa ka tuɓe ta tsakiya, don auduga in ta sha zufa ta manne maka, ita ce za ta kai ka kabari. Mamman mahauci, abokin wasansa, yakan tambaye shi ko kifin can ma da kabido yake fitowa daga ramin. Baba Sallau ya ce masa mutumin da bai taɓa shiga ruwan da ya wuce na buta ba, ai sai ya yi shiru in masu ruwa na magana.

Fanta ba mai magana ba ce. Ko gaisuwa takan yi ta ne kanta a ƙasa. Ta ninke rigar, ta tura ta tsakiyar sauran wankin, ta miƙa ta kan danga da almuru. Ya karɓa ya sa mata albarka. Ta tsaya tana leƙe ta tsagar kara. Ta ga ya zaro ta, ya auna a ƙirjinsa, ya gwada cusa kai ya kasa. Ya daɗe zaune a kan turmi da ita a cinya. Daga baya ya ninke ta ya shiga ɗaki.

Da asuba ta ji ƙarar gorar sunsa tana bugun ƙyaure, ya fita kamar kullum. Da ya dawo ya miƙo kifi, ya tambayi tarin 'yarta Aisa, bai ce komai a kan rigar ba. Ita ma ba ta ce ba.

Ɗarin shekarar, na farko bayan samun mulkin kai, ya yi tsanani. Ruwan randa ya zama sai an ɗumama kafin alwala. Baba Sallau ya ci gaba da zuwa tabki da taguwar auduga a ƙarƙashin kabido. Wata hantsi ya dawo babu kifi, haƙoransa na haɗuwa, taguwar ta manne masa a baya. Kafin azahar zazzaɓi ya rufe shi, numfashi kuma ya zama sai ya dafe haƙarƙari.

A ranar Fanta ta faɗa wa mijinta Inusa abin da ta yi. Inusa lodin gyaɗa yake yi, sai ya bi motar da za ta Damagaram ya nemo irin rigar. Ya zaga unguwar Zango, ya zaga Birni. Kantin da aka ce ana samu ya tarar Baturen na ɗaure kaya zai koma gida, kantocin duk an kwashe. Ya dawo da bargo da ƙwayoyin da aka ba shi a gidan likita. Ya ce mata riga dai ba ta samu ba, abin da ya rage ta je ta nemi gafarar tsohon tun bakinsa na motsi, domin haƙƙin mutum ba ya sauka sai mai shi ya sauke.

Ta sani. Kowace safiya takan dama kunun tsamiya ta zagaya ta ƙofa, ta shirya maganar tun daga murhu. Tana isa bakin ɗakin sai harshenta ya yi nauyi. Ga kuma Kaka Gambo, yayar Baba Sallau da ta zo jinya daga Takaya, kullum tana zaune a bakin gado. Tsohuwar ta tula masa barguna, ta sa kaskon wuta a ƙarƙashin gado, shi kuma yana ture su da ƙafa yana cewa za ta dafa shi cikin zufarsa. Ta ce tun yana ɗan mitsitsi ba ya jin magana, ya je ya kwaso iyayin Nasara ya dawo yana koya wa wadda ta goya shi yadda ake rufa. Fanta takan ajiye ƙwarya ta ce Allah ya ƙara sauƙi, ta fito.

Kwanaki suka ja. Faɗan nasa da Kaka Gambo ya ragu, sannan ya daina. Ranar Alhamis Mamman mahauci ya shiga da romon kai, ya yi masa tsiyar da ya saba, ya tsaya jiran amsa. Ba ta zo ba. Fanta ta ga Mamman ya fito yana share fuska da bakin riga, sai ta ajiye taɓarya a turmi.

Ta shiga bayan la'asar, Aisa na riƙe da zanenta tana tari. Kaka Gambo ta fita ɗebo garwashi. Hasken rana ya shigo ta ƙofa ya kwanta a kan kabidon da ke rataye. Baba Sallau ya rame, idanunsa a rufe. Fanta ta durƙusa.

"Baba."

Ya buɗe ido da ƙyar. "'Yar Barno. Kunu kuma?"

"Baba, rigarka. Ni na dafa ta. Ban sani ba."

Can ƙirjinsa ya motsa, ta ɗauka tari ne, ashe dariya ce.

"To wa kike zato na zarga? Mamman? Kwarkwatar da ke cikin rigar nan ta tsere wa Jamus, ta tsere wa teku, amma ba ta tsere miki ba."

Hawaye suka zubo mata. Ta ce saboda ita ya kwanta, da ta faɗa masa tun ranar, da ta roƙe shi ya bar ruwa har ɗari ya wuce.

Ya girgiza kai a kan matashi. Ya ce mata da ƙafarsa ya je tabki, yana sane da abin da auduga ke yi, domin ya faɗa wa mutane har sun gaji da ji. Zaman gida ne ba ya iyawa tun da gidan ya zama babu kowa. Ya huta, ya nemi numfashi, sannan ya ce ta sa hannu ƙarƙashin matashin.

Rigar na nan a ninke, da ɗumin kansa a jikinta.

"Tuɓe wa yarinyar nan. Wannan a kan fata."

Fanta ta cire wa Aisa 'yar taguwarta, ta zura mata rigar. Ta sauko mata har gwiwa, hannuwan suka rufe yatsunta. Aisa ta ce tana yi mata ƙaiƙayi.

"Haka take yi, za ki saba. Yanzu taguwar a sama. To, zane kuma in za ta fita. In ta yi guje-guje ta yi zufa, ki cire ta tsakiya." Ya dubi yarinyar daga sama har ƙasa. "Ashe awo kika yi mata."

"Baba, ka yafe mini."

"Na yafe, duniya da lahira. Ni ma ki yafe mini. Na cika kunnen maza da labarinta a masallaci, ke da ke wankina ban taɓa gaya miki yadda ake wanke ta ba."

Ta ce ta yafe. Sai ya gaya mata, a hankali, yana tsayawa tsakanin kalmomi. Ruwan sanyi. Sabulu kaɗan. Kada ta cuɗa, kada ta murɗa. Ta matse ta tsakanin tafukanta, ta shimfiɗa ta a inuwa. Yana cikin faɗa Kaka Gambo ta dawo da kasko, ta ga yarinya cikin rigar, ta dubi ƙanenta. Ta janye bargo ɗaya daga kansa ta ninke.

Bayan wannan bai ƙara doguwar magana ba. Ya cika ranar Asabar da hantsi, Inusa na riƙe da kansa, Kaka Gambo na maimaita masa kalmar shahada. Da aka fito da makara Mamman mahauci ne ya fara sa kafaɗa, kuma har maƙabarta bai bari an karɓe shi ba. Fanta ta tsaya bayan danga tare da mata, tana jin takun mutane na nisa. Kabidon Kaka Gambo ta ba wa ladan, mai fita kiran asuba.

Aisa ta ƙi yarda a cire mata rigar sai bayan sadakar bakwai. Tarin ya yi sauƙi, ƙirjin rigar kuma ya yi dabbare-dabbare da kunu. Da safe Fanta ta ɗebo ruwa daga randa, ba ta ɗora a wuta ba. Sanyinsa ya shiga yatsunta har suka ƙage. Ta tsoma rigar, ta matse ta tsakanin tafukanta, ta sake tsomawa. Sannan ta shimfiɗa ta a kan faifai a inuwar danga, ta miƙar da hannuwan, ta gyara wuyan.

A can ɗaya gefen, gorar su na rataye a ƙyaure. Aisa ta zo ƙudundune cikin zanen uwarta, ta tsuguna kusa da faifan tana jira ta bushe.