Filin da Yaya Ya Bari

…a'a, ƙaramin yatsa ne zai sauka nan, ba na tsakiya ba. Daga farko. Sama, sama, sama — sai ƙasa. Sikel ke nan, tsanin sauti, na hau na sauko har tsirkiyar jita ta tsaga min fata. To bayan na hau, Yaya, sai me?

Mai ganga na gyara zama, mawaƙiya na latsa waya, fankar ɗakin gwajin nan zafi kawai take kaɗawa. Yanzu za a ɗauko waƙar. A tsakiyarta akwai filin nan da kowa ke sassautawa a bar wa jita ta faɗi abin da ya zo mata. Filinka. Shekara da shekaru ina bayanka ina riƙe maka kiɗa, kai kana yawo a kai, ido rufe… ban taɓa tambayar ta ina kake bi ba.

Can a gida, hannun naka a kan cinya, kwance kamar na aro. Likita ya ce shanyewar ɓarin jiki, sai haƙuri. Na kawo maka jitar, ka juya fuska bango —

In na kasa yau, akwai wani mai jita da abokan kiɗanmu suka yi wa magana. Ba su faɗa min ba, amma ai ni ba jariri ba ne. Baƙo a kujerarka! Wallahi tsoro nake ji.

"Kar ka ƙirga, hira za ka yi." Haka ka ce min ran nan, baki a karkace, da ƙyar na gane. Hira da wa? Ni da ko a gida sai ka fara magana nake sa baki?

Ga shi sun ɗauko. Baiti… amshi… baiti. Mawaƙiya ta ja baya, ta ɗaga min gira. Sama, sama — a'a, ban da tsani, don Allah ban da tsani — yatsuna sun zame, sun lanƙwasa tsirkiya, wani sauti ya fito mai kuka-kuka, mai daɗi. Mai ganga ya ce, "Yawwa!"

Na san sautin nan. Naka ne, Yaya. Har 'yar tsayawar nan da kake yi kafin ka saki tsirkiya.

Sai murmushi suke, sun ji ka dawo. Filin kuwa bai ƙare ba, har yanzu suna jira… ni kuma iya abin da na tuna na kiɗanka ke nan.